Tattaki Mai Nisa da Ƙafa: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

Tun da muka dawo daga tattakin da muka yi daga Sakkwato zuwa Tambuwal, mu huɗu, kwana biyar a hanya, tambaya ba ta yanke ba. A majalisa, a ƙofar masallaci bayan Isha'i, har a teburin mai shayi. Wasu da gaske suke yi don suna son gwadawa, wasu kuwa so suke su tabbatar ko da sauran hankali a jikinmu. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su iya abin da na gani da idona da abin da na karanta.

Mota ce ta ƙare a gari? Me ya kai ku?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma yawanci da dariya ake yin ta. Amsa ita ce sha'awa, da son ganin ƙasarmu a hankali. Hanyar da mota ke haɗiyewa cikin awa biyu, mai ƙafa yana sanin kowace tsamiya da kowace rijiya da ke gefenta.

Kuma ba baƙon abu muka ɗauko ba. Fatake sun yi ta taka ƙasa daga nan har Gwanja neman goro, madugu a gaba, jakuna a tsakiya, wata da watanni. Kalmar zango ma daga wurin fataken nan muka gada. Maniyyata sun bi ta Barno da Cadi da Sudan da ƙafa har bakin Bahar Maliya, wani ya shekara uku, wani ya fi haka, wani ya zauna can bai dawo ba. Garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da tafiya gabas bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903. A zamaninmu ma kowa ya tuna Suleiman Hashimu da ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015.

A ƙasashen waje kuwa abin ya zama al'ada mai tsari. A Amurka akwai hanyar tsaunukan Appalachian, wajen kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Maine, ta ratsa jihohi 14, masu cinye ta gaba ɗaya sukan yi wata biyar zuwa bakwai. A Sifaniya akwai hanyar Santiago, wadda reshenta mafi shahara ya kusa kilomita 800, da gidajen kwana na matafiya a kusan kowane ƙauye. Namu ba shi da alamar hanya ko gidan kwana na musamman. Mutane ne masaukinmu, kuma wannan shi ya bambanta komai.

Yaya yini ɗaya yake kasancewa?

Rana ce shugabar tafiya, ba agogo ba. Kiran assalatu ake tashi. Kafin a shiga masallaci an naɗe tabarma, an cika gorunan ruwa, an duba ƙafa. Ana sallame Asuba a sha shayi da burodi in an dace da mai shayi ya hura wuta, in ba a dace ba a jefa dabino biyar a baki, a kama hanya. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Sakkwato sai wajen ƙarfe 7, don haka akwai kusan awa guda na tafiya cikin duhu-duhu da sanyin hunturu yana yankar kunne. Wannan awa ita ce mafi daɗi a yini. Ba hayaniya, sai carar zakaru da ƙarar amalanke daga nesa.

Daga nan zuwa hantsi ake cin rabin zango ko fiye. Duk awa guda a tsaya minti goma, a sauke jaka, a sha ruwa ko da ba a jin ƙishirwa. Da ƙarfe 11 ta gota, rana ta fara dukan ƙeya, sai neman inuwa: gindin dogonyaro, rumfar kasuwar da ba ranarta ba, ko barandar masallaci. Nan ake cire takalmi da safa a shanya, a ci abinci, a yi ƙailula, a yi Azahar. Ba a sake motsi sai La'asar ta kusa. Wanda ya ce zai yi jarumta da ranar tsaka, shi za a yi jinya da yamma.

Tafiyar yamma gajera ce, awa biyu ko ƙasa da haka, kuma manufarta ɗaya: a shiga garin da za a kwana da sauran haske. Baƙon da ya shigo da rana baƙo ne, wanda ya shigo da duhu abin tuhuma ne. Daga Magariba zuwa Isha'i gaisuwa ce da bayanin kai. Bayan Isha'i a wanke safa, a kai waya caji, a shafa wa ƙafa mai. Ƙarfe 9 ba ta cika riskar kowa ido biyu ba.

Gobe kuma haka. Jibi ma haka. Wanda yake zaton kowace rana da abin mamakinta zai sha takaici, don kashi tara cikin goma na doguwar tafiya ɗaure jaka ne da kwance jaka.

Kilomita nawa ake yi a yini?

Mai lafiya da jaka a baya yakan yi kilomita 4 zuwa 5 a awa. Mu mun tsaya a kan wajen 20 a yini. Ranar farko jiki zai ce maka zai iya 35. Ƙarya yake yi, kuma ranar ta biyu za ka biya bashin.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Bazarar Sakkwato ba ta wasa ba ce, a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma ba ruwan da za ka iya ɗauka da zai ishe ka. Damina tana da kyan gani, amma ga sauro, ga fadama ta cika, ga hanyoyin ƙafa sun shige cikin gero. Hunturu ma da nasa: ƙura, fashewar leɓe, tari, da sanyin dare wanda sai ka kwana a rumfa za ka san shi. Ka tafi da rawani ko wani ƙyalle na rufe hanci, da man kaɗanya.

Me zan sa a jaka?

Abin da za ka iya ɗauka awa shida ba tare da ka tsine masa ba. Masu wannan harka sukan ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, kuma ka tuna kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Tawa jakar ta ƙunshi kaya kala biyu, ɗaya a jiki ɗaya a ajiye, safa ƙafa uku, bargo mara nauyi, ƙaramar tabarmar roba wadda ita ce kuma darduma, buta, tocila, malafa, silifa, sabulu, allura da zare, filasta, maganin ciwon jiki, da katin shaidar ɗan ƙasa a cikin leda.

Ɗaya daga cikinmu ya taho da tukunya da ƙaramin risho da littattafai uku. A Boɗinga ya bar su wurin wani ɗan'uwansa, ko kilomita 30 ba mu yi ba.

Jakar ta kasance mai maɗauri a ƙugu, don nauyin ya sauka a kwankwaso ba a kafaɗa ba. Kuma ka loda ta ka zagaya unguwa da ita tun saura makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wane takalmi? Kuma yaya ake yi da ƙafa?

A nan zan daɗe, don ƙafa ita ce motar, ita ce direban. Kuskuren da na yi a tafiyata ta farko shi ne sayen sabon kambas ana gobe tashi. Kafin Azahar na fara jin wani ɗumi a bayan dunduniyar hagu, kamar an ɗora garwashi ƙarami. Na ce bari mu kai inuwa. Da na cire safa, bororo ya riga ya tashi kamar ƙwayar dabino, cike da ruwa. Kwana uku ina ɗingishi, kuma ɗingishin ya jawo ciwon gwiwar dama, don ita na jibga wa nauyi.

Darasin shi ne, wannan ɗumin da ka fara ji, shi ne lokacin tsayawa. A take. Ka cire takalmi, ka kakkaɓe yashi, ka manna filasta a wurin tun bai tashi ba. In ya riga ya tashi kuma ƙarami ne, ka rufe shi ka ƙyale shi. In babba ne yana hana taku, a wanke wurin da sabulu, a tsabtace allura sosai, a huda gefe ruwan ya tsiyaye, amma kada a ɓare fatar sama, ita ce murfinsa. Mai ciwon sukari kada ya huda da kansa, ya nemi ma'aikacin lafiya. In wuri ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa mai wari, tafiya ta ƙare, sai asibiti.

Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, kuma da ɗan sarari a gaba, don ƙafa tana kumbura da yamma. A yanke farce. A sauya safa da rana. Da dare a wanke ƙafa, ta bushe, a shafa man kaɗanya saboda faso.

Za ka ce ai ga Fulani makiyaya suna yini da takalmin roba. Gaskiya ne, amma ƙafarsu ta shekara talatin tana karatu. Taka ta ofis ce. Ga kuma ƙarangiya da tsidau, waɗanda da ka sauka daga kwalta za su gaishe ka. Ƙarangiya in ta kama safa, zama ake yi a cire ta ɗaya-ɗaya, ana yi tana komawa yatsa.

Ruwa fa?

Ba ma barin gari sai kowa yana da lita 2 zuwa 3, kuma mun tambayi inda ruwa na gaba yake. Ni nakan sha lita 4 zuwa 5 a yini ko da hunturu. Ruwan leda yana samuwa a yawancin garuruwan bakin titi. Na famfon burtsatse ya fi na buɗaɗɗiyar rijiya aminci. Na tafki ko gulbi, sai an tafasa ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa.

Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. In ya yi duhu kuma ya ƙaranta, ka makara da sha. Ciwon kai da jiri da murɗewar tsoka, a nemi inuwa a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce hutawa. A jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a tari mota.

Me ake ci?

Abin da hanya ta bayar. Guzurinmu na kakanni har yau ba a yi wanda ya fi shi ba: ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, aya, kilishi, da garin rogo da za a jiƙa da sukari. Ba sa lalacewa, ba sa nauyi. Da rana fura da nono ita ce sarauniya, tana kashe yunwa da ƙishirwa lokaci guda, sai dai ka lura da ruwan da aka dama da shi. Da dare duk abin da aka fito da shi daga cikin gida, tuwon dawa ne da miyar kuka ko shinkafa da wake, ka ci ka gode. Daga kwana na uku yunwa takan canza hali. Na ga mutumin da a gida ba ya gama malmala ɗaya ya share uku yana leƙen kwano.

A ina ake kwana?

Tanti irin na Turawa ba shi da amfani a nan, kuma kafa shi a bayan gari neman fitina ne. Ƙa'ida ita ce ka shiga gari, ka tambayi gidan mai gari ko liman, ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, daga ina, zuwa ina.

A wani ƙauye bayan mun wuce Shagari, mun tarar da mai garin zaune a kan buzu a ƙofar zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya daɗe yana kallon jakunkunanmu, sannan ya ce, “Samari, mi kuka biɗa cikin wagga rana? Kuɗɗin mota na babu?” Muka ce, “Ranka ya daɗe, akwai, sha'awa ce kawai.” Ya juya wurin na kusa da shi ya ce, “Ka ji, wai sha'awa.” Aka yi dariya. Ya karɓi takardar da uban ƙasarmu ya ba mu, ya sa wani malamin makaranta ya karanta masa da tocilar waya, ya tambayi unguwar kowannenmu a cikin birni da sunan mahaifinsa. Sai da ya gamsu sannan ya ɗaga murya: “A kawo ma baƙi hura.” A zaurensa muka kwana, da akuya ɗaure a kusurwa tana tari kamar tsoho. Da asuba muka tarar an ajiye mana ruwan ɗumi a bokiti.

Kada ka miƙa wa irin wannan dattijo kuɗi a matsayin ladan kwana, cin fuska ne. Goro, sukari, ganyen shayi, ko ɗan abin da za a ba yara, shi ne daidai. In ka dawo gida ka buga waya ka ce kun sauka lafiya.

Ba ku ji tsoron rashin tsaro ba?

Mun ji, kuma wanda bai ji ba kada ka bi shi. Ba kowace hanya ce ta tattaki ba a yanzu. Gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, an sha fama da 'yan bindiga. Yankin Tangaza da Gudu ma haka. Ina da burin bin sawun hijirar Shehu ta 1804 har Gudu, amma na ajiye shi sai Allah ya kawo sauƙi. Hanyar da muka bi ma, sai da muka yi ta tambayar direbobin tasha da mutanen garuruwan kafin mu tashi, kuma kowace safiya muna sake tambaya, don labarin makon jiya ba ya aiki yau.

Haɗari na biyu, wanda mutane ba sa kawowa a rai, shi ne kai a ɗauke ka mugu. Mutum huɗu baƙi da manyan jakunkuna suna tambayar hanya, a garin da aka taɓa kai wa hari, dole a yi tunanin ko 'yan leƙen asiri ne. Shi ya sa muka karɓi takarda daga uban ƙasarmu, muka sanar da 'yan sanda, muke kuma miƙa kanmu ga 'yan banga tun kafin su tare mu. Kada ka sa kaya masu kama da na soja. Kada ka ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, ko gada, ko matan mutane a bakin rijiya. Kada ka sanya a Facebook inda za ka kwana yau, ka bari sai ka bar wurin. Ba tafiyar dare ko kusa.

Motoci ma abin tsoro ne. Ka bi gefen da kake fuskantar masu tahowa, a jere ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ake yi da salla?

A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru in tafiyar ta kai burudi huɗu, wato mil 48, wajen kilomita 80, ko da ƙafa ake yin ta ko da mota. Sakkwato zuwa Tambuwal ta kai, Sakkwato zuwa Wurno ba ta kai ba. Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a biyu, daga lokacin da ka fita gine-ginen gari. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ka cika. In ka bi limamin gari, ka cika tare da shi, kuma mu yawanci hakan muka yi, don sahun salla ya fi kowace takarda gabatar da baƙo. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, ga taimama. Sauran rassan mas'alar ka zauna da malaminka kafin ka tashi.

Wanka, wanki, waya, kuɗi?

Wanka in an samu, da rabin bokiti. Wanki da rana a wurin hutu, iskar hunturu tana busar da riga kafin La'asar. Kewayawa, ka nemi izini a gidan da ka sauka, in a daji ne ka yi nisa da hanya da ruwa, ka tona ka rufe. Masu cajin waya suna nan a kusan kowane gari. Kuɗi ka riƙe canji ƙanana, ka raba su wuri biyu.

Maciji da kunama?

Ka zazzage takalmi kowace safiya kafin ka sa ƙafa, kunama tana son ɗuminsa. Kada ka fita fitsarin dare ba tocila. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. In ta sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wuri tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Mu dai ba mu ga ko ɗaya ba sai saɓa a gindin geza.

Mace za ta iya?

Ƙarfi ba shi ne matsala ba, wadda take kai tallar nono kasuwa ta dawo ta fi yawancinmu taku. Abin dubawa shi ne muharrami, da masauki, wanda a ƙauye cikin gida za a shigar da ita wurin mata, da kuma zaɓen gajerar hanya sananniya.

Ba a faɗa tsakanin abokan tafiya?

Ana yi. Ranar ta uku ce mai wuya: ɗokin farko ya ƙare, ƙarshe bai bayyana ba, kowa da inda ke masa ciwo. Namu faɗan a kan sauri ne. Mai dogayen ƙafafu yana gaba yana waiwaye yana tsaki, mai bororo yana baya yana ganin an raina shi. Sai da babbanmu ya ce, “Kai Malam, koma baya. Wane, wuce gaba.” Daga ranar mafi rauni shi ke ja, sauran su bi takunsa. Mun kuma gane cewa yawancin baƙar magana yunwa ce, a ba mutum ƙuli-ƙuli a ga ko zai maimaita.

Akwai kuma shiru. Awa biyu ana tafiya ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar takalmi. Da farko yana damun mutum, daga baya ya zama abin da ake nema. A cikin irin wannan shirun ne, kusa da Sifawa inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, na fara lissafin cewa duk wanda ya zo gaishe shi a wancan zamani, in ba mai doki ko raƙumi ba, haka ya zo, da ƙura har gwiwa.

Da ƙafa kuka dawo?

A'a. Mun shiga mota a tashar Tambuwal, huɗu a baya, jakunkuna a kan cinya. Duk inda muka wuce wani zai nuna ta taga: ga tsamiyar da muka yi ƙailula, ga famfon da ya ƙi kawo ruwa, ga ƙauyen mai akuya. Kafin a gama nunawa an wuce. Direba ya tambaya ko mu ma'aikatan safiyo ne. Da muka gaya masa, ya kalle mu ta madubi, ya rage rediyo, ya ce a sake faɗa masa tun daga farko.